Barci da Farkawa a Kenel ɗin Linux: Sharhi a kan Sakatar Hana Barci ta Android

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi nazari, mu kuma yi sharhi, a kan dabara guda daga cikin dabarun tattalin lantarki a ƙananan na'urori, watau dabarar da injiniyoyin kamfanin Google suka shigar cikin kenel ɗin Linux sa'ad da suke gina tsarin Android. Da kenel muna nufin ƙwayar tsarin aiki, ɓangaren nan na manhaja da ke tsaye tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajoji. Shi ke raba musu lokacin furosesa da wurin ajiya, shi ne kuma ke da ikon kunna kowane sashe na na'urar ko kashe shi. Masu dabarar sun kira ta wekulok. Mu kuwa za mu kira ta sakatar hana barci, domin aikinta ke nan: muddin wani ya danna ta, ƙofar barci ba ta buɗuwa.

An saba ba da labarin rigimar da wannan sakata ta haddasa daga 2009 zuwa 2012 a matsayin gardama a kan batir. A ganinmu tambayar da ke ƙarƙashin gardamar ita ce ta iko: wane ne ke da hurumin cewa na'ura ta gama aiki, ta kwanta? Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa sakatar ta warware wata matsala mai wuyar gaske, amma amsar da ta bayar ga wannan tambaya ta iko gurguwa ce, kuma matakan da kamfanin Google ya ɗauka daga baya su ne babbar shaidarmu.

Hanyoyi biyu na rage cin lantarki

Barcin na'ura baki ɗaya gado ne daga kwamfutar cinya. Ƙa'idar ACPI, wadda kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar a 1996, ta tanadi wani mataki da ake kira S3, inda ake kashe kusan kome in ban da ma'ajiyar aiki. A wancan tsari babu wata tababa game da mai iko. Mutum ne ke rufe murfin kwamfutarsa, shi ne kuma ke buɗewa, tsakanin rufewa da buɗewa kuwa ba wanda ke jiran kome daga gare ta.

Idan aka umarci kenel ɗin Linux ya kwantar da na'ura, matakai yake bi a jere. Da fari yakan tura abin da bai riga ya rubuta ba zuwa ma'ajiya ta dindindin. Sa'an nan ya daskarar da manhajojin mai amfani, watau ya tsai da kowace a inda take; idan wata ta ƙi tsayawa har daƙiƙa 20 sai ya fasa barcin. Daga nan sai ya bi direbobin sassan na'urar ɗaya bayan ɗaya yana sallamar su, 'ya'ya kafin iyaye, domin kada a rufe hanya alhali wanda ke ƙarshenta bai gama magana ba. Zagaye huɗu yake yi a kansu, na ƙarshen kuwa ana yin sa ne bayan an toshe wa direbobi ƙwanƙwasawa, watau siginar da sashe ke aika wa furosesa don ya sanar cewa yana da saƙo. Bayan haka sai a kashe dukkan furosesoshi a bar guda, ita ma ta miƙa ragama ga manhajar tushe ta allon, a bar ma'ajiyar aiki tana sabunta abin da ke cikinta da ɗan lantarki ƙalilan. Farkawa kuwa ita ce bin waɗannan matakai a juye.

Hanya ta biyu za mu kira ta runtsawa. A nan ba a daskarar da kowa. Duk lokacin da furosesa ta rasa aikin yi, kenel yakan duba yaushe ne aiki na gaba zai zo, ya zaɓa mata matakin hutu mafi zurfi da lokacin zai isa. Haka nan kowane sashe, kamar kyamara ko na'urar sauti, ana kashe shi shi kaɗai da zarar ba mai amfani da shi. Tsarin kashe sassa ɗaiɗai ya shiga kenel a bugu na 2.6.32, a Disamba 2009, kuma Rafael Wysocki ne ya rubuta ginshiƙinsa. Wayar Nokia N900 ta 2009, mai furosesar OMAP3 ta kamfanin Texas Instruments, a kan wannan hanya ta dogara, kuma an sha kafa hujja da ita a lokacin muhawarar.

Abin da Android ta juya

Wayar Android ta farko, HTC Dream, wadda aka sayar a Amurka da sunan G1, ta fito a Oktoba 2008 da batir mai miliyamfa-awa 1150. Bari mu yi ɗan lissafi, da alƙaluman da muka ɗauka don misali kawai. Idan waya tana jan miliyamfa 3 a barci, wannan batir zai kai awa 383, kusan kwana 16. Idan kuwa ta zauna a farke da allo a kashe tana jan miliyamfa 50, awa 23 kacal zai yi. Tazarar ta isa ta nuna abin da ya sa injiniyoyin suka ƙwallafa rai a kan barci.

Sai suka juya ƙa'idar. Maimakon na'ura ta zauna a farke har sai an ce ta kwanta, suka mai da barci ya zama shi ne asalin halinta. Kenel kullum yana neman kwantar da ita, kuma yana yin hakan nan take da zarar ya ga babu sakata ko ɗaya a danne. Direba yana iya danna sakata, manhajar kiɗa ko ta sauke fayil ita ma tana iya dannawa, ta hannun tsarin Android, in dai an ba ta izini lokacin girka ta.

Akwai wani bayani da injiniyoyin Android suka yi a lokacin muhawarar wanda muke ganin ba a ba shi nauyin da ya kamata ba. Sun ce a kan wasu furosesoshin Qualcomm da suke aiki da su, matakin ƙarancin lantarki da ake kaiwa ta barci shi ne dai ake kaiwa ta runtsawa. Ashe ke nan ƙarfen ba ya samun wani hutu na musamman daga barcin. Ribar barcin tana wajen daskarewar: manhajar da aka daskarar ba ta iya ta da furosesa, agogunan da ta saita ba sa kaɗawa. Watau an ɗauko wata hanya da aka gina don rufe murfin kwamfuta, aka mai da ita bulalar ladabtar da manhajoji marasa tarbiyya. Wani daga cikin masu muhawarar ya kawo misalin da ya shahara, na manhajar da ba ta da aiki sai zana shanu suna tsalle. Idan mai waya ya kashe allo ya jefa ta aljihu, shanun za su ci gaba da tsalle ba mai kallo, furosesa ba za ta taɓa rasa aiki ba, balle ta runtsa. Barci kuwa ba ruwansa da shanu, daskarar da su zai yi.

Matsalar rige-rige

Kafin mu shiga suka, wajibi ne mu ba sakatar haƙƙinta, domin ta gano wani rami da ke cikin kenel tun da daɗewa wanda kwamfutar cinya ba ta taɓa damuwa da shi ba. A ce an fara kwantar da waya, an riga an daskarar da manhajar karɓar kira, amma ba a kai ga sallamar direban sashen rediyo ba. A daidai wannan ɗan taƙi sai kira ya shigo. Sashen rediyo ya ƙwanƙwasa, direba ya amsa, ya ajiye saƙon a layi domin manhaja ta ɗauka. Manhajar kuwa a daskare take. Kenel bai san an yi haka ba, sai ya ci gaba da matakansa har waya ta yi barci. Ƙwanƙwasawar da za ta tashe ta an riga an cinye ta, saƙo yana kwance a layi, mai kira yana jin ƙara a can, waya tana shiru a nan. Wannan shi ne rige-rige tsakanin farkawa da barci, kuma a na'urar da ke kwanciya sau ɗaruruwa a yini, abin da ake ganin da wuya ya faru lalle zai faru.

Maganin Android shi ne miƙa sakata hannu da hannu. Direba yana danna tasa da zarar ƙwanƙwasawa ta zo, ba ya saki sai an kwashe saƙon daga layi. Manhaja kuwa, da ta ga akwai saƙo, sai ta danna tata tukuna kafin ta karanta. Ta haka babu wani lokaci da saƙo ke hannun wani ba tare da sakata a danne ba. Dabarar tana da kyau ƙwarai, kuma masu adawa da ita ma daga baya sun yarda cewa ramin da ta toshe rami ne na gaske.

Arve Hjønnevåg na kamfanin Google ya gabatar da aikin ga masu kula da kenel a farkon 2009, ba a karɓa ba. A ƙarshen wannan shekara Greg Kroah-Hartman ya cire direbobin Android daga ɗakin jiran kenel saboda ba mai kula da su, cirewar ta bayyana a bugu na 2.6.33. A 2010 aka sake gabatar da sakatar da sabon suna da sabon fasali, sai gardama ta ɓarke, inda manyan masana kenel irin su Thomas Gleixner da Peter Zijlstra suka tsaya a kan cewa hanyar runtsawa ce daidai, manhaja mara tarbiyya kuwa a gyara ta ko a takura mata ta hannun mai raba lokacin furosesa.

Wanda ya fitar da jaki daga duma shi ne Wysocki, kuma a ra'ayinmu abin da ya yi shi ne mafi ingancin duk abin da rigimar ta haifar. Ya raba matsalar rige-rige daga tambayar iko. A bugu na 2.6.36, a Oktoba 2010, ya sa kenel ya riƙa ƙidaya abubuwan da ke neman ta da na'ura. Manhajar da ke son kwantar da na'ura sai ta karanta adadin, ta tabbatar kowa ya gama aikinsa, sa'an nan ta mayar wa kenel adadin da ta karanta. Idan ya canja a tsakani, kenel ya ƙi karɓa, a sake daga farko. Idan ya karɓa, duk abin da ya ƙwanƙwasa bayan haka zai sa a fasa barcin. A bugu na 2.6.37 ya inganta hanyar da direbobi ke sanar da cewa suna riƙe da irin wannan saƙo. Kenel a nan magatakarda ne kawai, yana riƙe da lissafi. Yanke shawarar kwanciya an bar wa wata manhaja a waje.

Inda sakatar ta gaza

Suka ta farko ita ce sakatar ta ba kowane mai riƙe da ita ikon hawa kujerar na ƙi a kan na'ura baki ɗaya. Barci ba ya rabuwa: ko kowa ya kwanta, ko ba wanda ya kwanta. Saboda haka idan manhajar kiɗa ta danna sakata don halastaccen dalili, shanun nan masu tsalle su ma sun sami damar ci gaba da tsallensu a inuwarta. Idan kuma wata manhaja ta danna ta manta ba ta saki ba, saboda kuskuren marubucinta, to, an koma lissafin awa 23, kuma mai waya ba zai ga alamar kome ba tun da allo a kashe yake. Wake ɗaya ke ɓata gari. Abin mamaki a nan shi ne dabarar an kafa ta ne a kan rashin amincewa da marubutan manhaja, sai ga shi ta damƙa wa waɗannan marubuta makami mafi haɗari. An ce ba za a iya dogara da su su daina kaɗa agogo ba gaira ba dalili, amma an dogara da su su tuna da sakin sakata a kowace hanya da shirinsu zai iya bi, har da hanyar da ta ƙare da kuskure. An gudu ba a tsira ba.

Suka ta biyu ta shafi farashin barcin kansa. Matakan da muka lissafa a baya ba kyauta ake bin su ba: kowane zagaye na kwanciya da tashi yana cin lokaci da lantarki, domin sai an sallami kowane direba an kuma dawo da shi, ko da sashensa ba shi da alaƙa da abin da ya ta da na'urar. Idan saƙonni suna shigowa a kai a kai, ana iya kashe lantarki wajen kai da komowa fiye da wanda aka tara. Ga kuma batun jeri. Kenel yana bin direbobi ne bisa dangantakar uba da ɗa da kuma jerin da aka yi musu rajista, alhali a ƙananan alluna sashe yakan dogara da wani sashe da ba ubansa ba, kamar mai daidaita ƙarfin lantarki ko mai ba da bugun agogo. In aka ta da su ba bisa jeri ba, na'ura ta maƙale a hanyar farkawa. Sai a bugu na 4.10, a 2017, kenel ya sami hanyar bayyana irin wannan dogaro a fili. Hatta lokaci bai tsira ba. Agogon kenel da manhajoji suka fi dogara da shi wajen auna tazara ba ya ƙidaya lokacin barci, har sai da aka ƙara wani agogo dabam mai ƙidayawa a bugu na 2.6.39, a 2011. Da aka gwada haɗe agogunan biyu a 2018, sai manhajoji suka rikice, dole aka janye canjin kafin bugu na 4.17 ya fito.

Kada a ɗauka da wannan muna cewa masu adawa ne ke da gaskiya ɗungurungum. Hujjarsu ta tsaya ne a kan na'urar da duk manhajojinta an tantance su. Nokia tana iya tsefe abin da ke cikin N900 ta cire duk agogon da ke kaɗawa a banza. Wanda ya buɗe kasuwa ga dubban marubuta da bai sani ba ba shi da wannan gata. Dubi ƙananan kenel irin su FreeRTOS da Zephyr, waɗanda ake dasawa a na'urorin auna zafi da agogunan hannu da makamantansu. A can hutu mai zurfi daga runtsawa ake shigarsa, bisa lissafin lokacin da ya rage kafin aiki na gaba, kuma ba a taɓa yin rigima irin wannan ba. Dalili shi ne mai gina na'urar shi ya rubuta ko ya zaɓi kowane layi da ke cikinta. Inda babu baƙo, tambayar iko ba ta tasowa. Masu kenel sun yi ta ba da amsar da ta dace da gidan da babu baƙo, su kuwa mutanen Android gidan haya suke gudanarwa.

Abin da ya biyo baya

A Maris 2012 direbobin Android suka koma kenel a bugu na 3.3, a Yuli kuma bugu na 3.5 ya zo da barcin kai-tsaye da sakatar manhajoji, an gina su a kan aikin Wysocki. Aka ce an yi sulhu. Amma a 2015, a Android 6.0, kamfanin Google ya shigo da tsarin da ya kira Doze. Idan waya ba ta kan caji, allonta a kashe, kuma ta daɗe a ajiye ba motsi, sai tsarin ya yanke wa manhajoji hanyar intanet, ya jinkirta agogunansu zuwa wasu 'yan tagogi da ake buɗewa jefi-jefi, sa'an nan, kuma wannan shi ne abin lura, ya yi watsi da sakatunsu. Sakatar da aka yi shekara uku ana yaƙi a kanta, aka ce in ba ita waya ba za ta yi aiki ba, ita ce mai ita ya wayi gari yana take ta da kansa. A 2019 kuma, a Android 10, aka mai da aikin kwantar da waya hannun wata hidima ta musamman a wajen kenel, wadda ke riƙe da lissafin sakatun manhajojin tsari a wurinta, tana kuma amfani da ƙidayar nan ta 2010 wajen kauce wa rige-rige. Wannan kuwa kusan shi ne fasalin da Wysocki ya zana tun farko.

Sai dai ikon da aka karɓe daga hannun marubutan manhaja bai koma hannun mai waya ba. A ƙarƙashin Doze, babbar hanyar da manhaja ke da ita ta samun saƙon gaggawa cikin lokaci ita ce ta bi ta hidimar tura saƙonni ta kamfanin Google, ko kuwa a sa ta cikin jerin waɗanda aka keɓe. Kamfanonin ƙera waya kuma da yawansu sun ɗora nasu dokokin a kai, kowa da irin tsananinsa, har ya zama manhaja ɗaya tana aiki lafiya a wannan waya, a waccan kuwa saƙonta ba ya isowa sai an buɗe allo. Ga mai amfani da waya a wuraren da lantarki ba shi da tabbas, kamar yawancin garuruwanmu inda ake biyan kuɗi a shagon caji, kowane ɓangare na wannan ciniki yana da tsada: in an sassauta batir ya ƙare kafin la'asar, in an tsananta saƙon da ake jira ya makara. Kuma ba a tambaye shi wanne ya fi so ba, sai dai ya yi ta lalube a cikin saituna.

Ga ɗalibanmu da injiniyoyin da ke gina na'ura a kan Linux, ko mitar lantarki ce ko na'urar karɓar kuɗi ta kati, shawarar da wannan nazari ya kai mu gare ta ita ce su fara da tambayar wane ne zai rubuta manhajojin da za su zauna a ciki. Idan su ne kaɗai, to, su sa ƙarfinsu a kan runtsawa da kashe sassa ɗaiɗai, su bi agogunan da ke kaɗawa a banza su kashe. Idan kuwa dole ne a yi barcin baki ɗaya, to, manhaja guda tak za a ba ikon yanke shawarar, ta yi aiki da ƙidayar kenel, kuma kowace sakata da za ta ba wani ta kasance da wa'adi da sunan mai riƙe da ita a rubuce, domin ranar da batir ya ƙare da wuri a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.